Laifin Sifika Ne Ko Na Ɗaki?

Wani malami abokin aikina ya daɗe yana tara kuɗi don ya sayi kayan sauti, irin waɗanda ke zuwa da ƙananan sifikoki da kuma babban akwati guda da ake kira wufa, wato mai fitar da kakkauran sautin nan mai dukan ƙirji. A kanti aka kunna masa, ya ji, ya yaba, ya biya. Da ya kai gida sai ya girka su a falonsa, ya tura wufar kusurwa, ya zauna bisa kujerarsa da ke tsakiyar ɗaki. Kiɗan da ya ji a kanti cike da armashi sai ya zame masa salam, kamar miyar da ba gishiri. Ya murɗa maɓallin ƙarin kauri har ƙarshe, bai ji wani canjin a zo a gani ba. Can sai mai ɗakinsa, wadda ke zaune a doguwar kujera jikin bango, ta ce, "Malam, don Allah a rage, kaina har ya fara sarawa." Shi ba ya jin komai, ita kuwa har gilashin tagar da ke bayanta karkarwa yake yi. Washegari ya zo makaranta da niyyar in an tashi ya mayar wa mai kanti kayansa, wai jabu aka sayar masa.

Ba jabu aka sayar masa ba. An bar jaki ne ana dukan taiki, domin mai laifin shi ne ɗakin. Kowane ɗaki yana da wasu muryoyi nasa na kansa, waɗanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa suka yanka masa tun ranar da magini ya gama aiki. Idan kiɗa ya faɗo a kan ɗaya daga cikin muryoyin nan, sai ɗakin ya kumbura shi a wani wuri, ya shaƙe shi a wani wurin. Wannan maƙala za ta bayyana yadda hakan ke faruwa da abin da za a iya yi a kai, kuma mai karatu zai ga cewa maganin da ya fi kowanne aiki ba ya cin ko kwabo.

Sauti da zangonsa

Sauti ba wani abu ba ne illa motsin iska. Idan makaɗi ya doki ganga, fatar takan yi gaba ta matse iskar da ke gabanta, sa'an nan ta koma baya ta sassauta mata. Wannan matsi da sassauci shi ke tafiya cikin iska har ya iso ga dodon kunne. Yawan kaɗawar da ake yi cikin daƙiƙa guda, wato sakan ɗaya, ana auna shi da haz, sunan da aka ciro daga na masanin nan Bajamushe Heinrich Hertz, wanda ya rayu daga 1857 zuwa 1894. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga haz 20 zuwa kimanin haz 20,000. Siririn sauti, kamar kukan gyare ko ƙarar usur, yana can sama. Kakkauran sauti kuwa, irin na tambari ko rugugin hadari ko gurnanin babbar mota, yana ƙasa, daga wajen haz 200 zuwa 20. Jitar nan mai tsirkiya huɗu da ke riƙe ƙasan kiɗan zamani, tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa.

A cikin iska mai zafin digiri 20 a ma'aunin Selshiyos, sauti yana cin mita 343 a kowace daƙiƙa, siririnsa da kakkauransa duk gudu ɗaya. Tazarar da ke tsakanin wani matsi da mai bi masa ita za mu kira zango. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa neman tasha a rediyo, ya ji ana cewa gajeren zango, mita 19 ko mita 25. Igiyar rediyo daban take da ta sauti, amma abin da ake aunawa ɗaya ne. Don a sami zangon sauti, sai a raba 343 da yawan haz. Sautin haz 10,000 zangonsa bai kai santimita 4 ba, tsawon gaɓar yatsa da ɗan ɗoriya. Na haz 1,000 santimita 34 ne. Na haz 100 ya kusa mita 3 da rabi, na haz 50 ya kusa mita 7, na tsirkiyar nan mai haz 41 kuwa ya haura mita 8.

To, a nan gizo ke saƙar. Siririn sauti ƙanƙane ne in an gwada shi da ɗaki, saboda haka yakan yi ta karo da kujeru da labule da kabad, ya watsu ko'ina daidai wa daida. Kakkauran sauti kuwa tsawonsa ya kai na ɗakin ko ya fi shi. Kujera ba ta tare shi, labule bai dame shi ba. Abin da ya sani kawai shi ne bango da daɓe da rufi.

Ruwa a cikin baho

Mai karatu ya sami baho mai ɗan tsawo, ya zuba ruwa zuwa rabi, ya ɗaga gefe guda kaɗan ya sauke. Ruwan zai riƙa tangaɗi, in ya hau a wannan baki ya sauka a wancan. Amma a lura da tsakiyar bahon: a nan ruwan ba ya hawa, ba ya sauka, wucewa kawai yake yi. Har ila yau za a lura cewa tangaɗin yana da nasa takun, wanda tsawon bahon da zurfin ruwan suka tsara. In aka riƙa rausaya bahon daidai da wannan taku, ko da a hankali ne, nan da nan ruwan zai fara fantsama waje. Yarinyar da ta ɗauko ruwa a bokiti ta san wannan tun kafin ta shiga ajin kimiyya: da zarar takunta ya dace da na ruwan sai ta jiƙe, shi ya sa take yanko ganye ta ɗora a kai don ya kwantar da shi.

Iskar da ke tsakanin bango biyu masu fuskantar juna haka take yi. Sautin da ya fito daga wufa yakan doki bango ya dawo, ya gamu da wanda ke fitowa a bayansa. Idan tazarar bangon biyu ta yi daidai da rabin zangon sautin, sai mai tafiya da mai dawowa su riƙa ƙarfafa juna a jikin bango, su kuma riƙa kashe juna a tsakiya. Kunne canjin matsin iska yake ji. Saboda haka wanda ke jikin bango zai ji sautin ya cika masa kai, wanda ke tsakiya kuwa zai ji kamar an zare shi. Masana na kiran wannan tsayayyiyar igiya, domin wuraren ƙarfinta da na rauninta ba sa gusawa. Mu a nan za mu kira wurin ƙarfin tudu, wurin raunin kuma kwari.

A 1866 wani masani Bajamushe, August Kundt, ya sa aka ga wannan abu da ido. Ya barbaɗa gari mai laushi a cikin dogon bututun gilashi, ya tura sauti ciki, sai garin ya tattaru tsibi-tsibi a tazara ɗaya, kuma tsakanin kowane tsibi da na kusa da shi rabin zango ne cif. Da haka ya auna gudun sauti a cikin iska da wasu gas-gas. Ɗakin zama bututun Kundt ne babba, sai dai mu ne a ciki a maimakon garin.

Lissafin muryoyin ɗaki mai sauƙi ne, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya yin sa. A ninka tazarar bango biyu sau 2, a raba 343 da abin da aka samu. Falon abokina mita 5 ne a tsawo, 4 a faɗi, 3 daga daɓe zuwa rufi. Ke nan tsawon yana ba da haz 34, faɗin haz 43, tsayin kuma haz 57. Kowace daga cikinsu tana da ƙanne, wato ninkinta sau 2, sau 3, da sauransu: 69 da 103 ga tsawon, 86 da 129 ga faɗin, 114 ga tsayin. Murya ta farko kwarinta ɗaya ne, a tsakiya. Ta biyu kwarinta biyu, ɗaya a kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar, ɗaya a kashi uku cikin huɗu, tsakiya kuma ta zama tudu. Ta uku kwari uku, har da na tsakiya. Abin da duk suka yi tarayya a kai shi ne kowacce tana da tudu a jikin bango. Akwai kuma wasu muryoyin masu kewaya bango huɗu, ko ma duk fuskoki shida na ɗakin, waɗanda ba su kai na farkon ƙarfi ba. Lord Rayleigh na Ingila ya kawo lissafin da ya haɗa su duka a cikin babban littafinsa kan sauti, wanda ya fito juzu'i biyu a 1877 da 1878. A kusurwa, inda bango biyu suka haɗu da daɓe ko rufi, dukkan muryoyin nan tudu suke.

Yanzu sai a koma ga abokina. Ya sa wufa a kusurwa, inda take iya tayar da kowace murya ta ɗakin da cikakken ƙarfi. Ya zauna a tsakiya, inda kwarin haz 34 ya gicciye kwarin haz 43, wato daidai inda ƙasan kiɗan yake. Uwargida kuwa tana kan tudunsu. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ba abin mamaki ba ne a sami bambancin desibel 20 tsakanin kujeru biyu na ɗaki ɗaya a kan sauti guda. Ƙarin desibel 10 kunne kan ji shi kamar an ninka ƙara sau 2, amma yana bukatar a ninka ƙarfin amfilifaya sau 10. Desibel 20 kuwa sau 100. Kuma ko an yi hakan kwarin ba zai cika ba, domin duk abin da aka ƙara wa sauti mai tafiya, an ƙara wa mai dawowa da ke kashe shi. Maɓallin da ya yi ta murɗawa kan matarsa kawai yake sauka.

Mafi munin ɗakuna shi ne wanda tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya, irin mai ƙafa 12 a kan 12 da ya yawaita a gidajen haya. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, mai ba da haz 47. Tsawo da faɗi sun haɗa kai a kan murya ɗaya, sun sake haɗuwa a 94. A irin wannan ɗaki za ka ji kowace waƙa aka sa kamar ɗan jita yana ta dukan wuri guda, alhali yatsunsa yawo suke yi. Ginin bulo da siminti da daɓen tayil suna ƙara wa abin tsanani, domin bango mai nauyi kusan duk sautin yake mayarwa. Gidajen Amurka da yawa ana yin bangonsu da katako da siririn allon farar ƙasa, wanda kan ɗan lanƙwasa ya shanye wani kaso na kakkauran sauti. Wanda ya karanta shawarwarinsu sai ya tuna cewa bangonsa ya fi nasu taurin kai.

Me ya sa babban zaure bai da wannan ciwo?

A 1895 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani sabon ɗakin lacca a gidan adana kayan zane na Fogg. Kalma ɗaya in an furta takan yi sama da daƙiƙa 5 tana yawo a ciki, ɗalibai ba sa fahimtar abin da malami ke faɗa. Sabine da mataimakansa suka riƙa aiki cikin dare, lokacin da gari ya yi tsit, suna jido matasan kujeru daga wani zauren jami'ar, suna busa bututun kiɗa guda, suna auna da agogo tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya mutu, sa'an nan su mayar da matasan kafin gari ya waye. Daga wannan jigila ya gano dangantakar da ke tsakanin girman zaure, da yawan abin shanye sauti da ke cikinsa, da daɗewar amsa-kuwwa. Ma'aunin da ya ɗauka na cikakken shanyewa shi ne buɗaɗɗiyar taga, don abin da ya fita ta taga ba ya dawowa. Da iliminsa aka tsara zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900, wanda har yau ake lissafa shi cikin mafiya kyau a duniya.

Amma dokar Sabine tana aiki ne a inda muryoyin ɗaki suka yi yawa suka cakuɗe har ba a iya ware ɗaya daga ɗaya. Manfred Schroeder, Bajamushen da ya yi aiki a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka, shi ya nuna inda iyakar take, a aikin da ya fara fitarwa a 1954, aka kuma gyara shi a 1962. A raba daƙiƙoƙin amsa-kuwwa da girman cikin ɗaki, wato tsawo sau faɗi sau tsayi a mita. A nemi tushen abin da aka samu, ma'ana lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi. A ninka da 2,000. Falon mai 5 da 4 da 3 girmansa 60 ne. In amsa-kuwwarsa daƙiƙa 0.6 ce, rabawar za ta ba da 0.01, tushensa 0.1, iyakar ta zama haz 200. Ƙasa da nan muryoyin ɗakin a warwatse suke, kowace tana cin gashin kanta. A zaure irin na Boston iyakar tana wajen haz 20, wato a bakin abin da kunne ke iya ji. Ashe ciwon na ƙananan ɗakuna ne, irin waɗanda muke zama a ciki.

Maganin da ba a saya

Abu na farko shi ne kujera. Kada a zauna a tsakiyar tsawon ɗaki, kada kuma a manna kai da bangon baya. Masu harkar ɗakunan ɗaukar sauti suna da wata ƙa'ida ta gwaji, cewa a fara da kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin, a auno daga bangon gaba ko na baya. Ba wata lamba ce mai tsarki ba; amfaninta shi ne ta kauce wa rabi, da kashi ɗaya cikin huɗu, inda manyan kwaruruka suke. A ɗaki mai mita 5 wurin yana mita 1.9 daga bango. Daga nan sai a riƙa gusawa taƙi ɗaya gaba ko baya ana saurare.

Na biyu shi ne mazaunin wufa. Ƙasa da wajen haz 80 kunne ba ya iya nuna daga ina sauti ya fito, saboda haka ba dole ne wufa ta zauna kusa da talabijin ba. Akwai wata dabara mai ban dariya ga mai kallo, amma tana da tushe a kimiyya. A ɗora wufar bisa kujerar da ake zama, a sa waƙa mai yawan hawa da sauka a ƙasan kiɗanta, sa'an nan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango da rarrafe, kansa kusa da daɓe, yana saurare. Ba inda ya fi ƙara ake nema ba. Ana neman inda kowane bugu ke fita daidai da ɗan'uwansa. In an samu, a kai wufar wurin, a koma kujera. Dalili shi ne hanyar da sauti ke bi tsakanin wurare biyu ɗaya ce ko ta wane gefe aka faro, kamar yadda Hermann von Helmholtz da Rayleigh suka tabbatar tun ƙarni na 19. Wannan ƙa'ida ita ce kuma ke nuna cewa wufar da aka ajiye a kwarin wata murya ba ta iya tayar da ita. Wanda haz 43 na faɗin ɗaki ya dama, ya gwada kai wufarsa tsakiyar bangon gaba.

Akwai wani tarkon da ya shafi tazarar sifika da bangon da ke bayanta, wanda injiniya Ba'amurke Roy Allison ya yi bayaninsa a 1974. Kakkauran sauti yana fita ta ko'ina, har ta bayan akwati. In tazarar bangon ta yi daidai da kashi ɗaya cikin huɗu na zango, zuwa da dawowa ya zama rabin zango, sai matsi ya tarar da sassauci su kashe juna. Sifikar da ke mita 1 daga bango takan rasa ƙarfi a wajen haz 86, wadda ke rabin mita a wajen haz 172. Saboda haka wufa gara a matsa da ita dab da bango, ramin ya haura sama da inda take aiki. Kuma kada tazarar sifika daga bangon baya da na gefe da daɓe su zo ɗaya, don kada ramuka uku su faɗa wuri guda.

Abokina ya jawo kujerarsa gaba da santimita 60, ya mayar da wufa tsakiyar bangon gaba, ya janye doguwar kujera kaɗan daga bango. Bai koma wurin mai kanti ba. Ba wai komai ya daidaita ba ne, har yanzu akwai gunji a wajen haz 69 ga mai zama can baya, amma an daina gardama a kan maɓalli.

Maganin da ake kashe wa kuɗi

Gyaran wuri kujera ɗaya ko biyu yake wa amfani. In ana son dukkan mazauna falo su ji abu kusan ɗaya, wufa biyu matsakaita sun fi ƙatuwa guda. A tuna da bahon nan: lokacin da ruwa ke hawa a wannan baki, sauka yake yi a wancan. In aka sa wufa a kowane ɓangare, suna turawa lokaci guda, ɗaya za ta riƙa tayar da muryar, ɗayar tana danne ta, kamar yara biyu da suka tsaya gaba da bayan lilo suna tura shi a tare. Todd Welti na kamfanin Harman ya gabatar da bincike kan wannan a 2002, ya faɗaɗa shi tare da Allan Devantier a 2006. Sun gano cewa a ɗaki mai kusurwa huɗu, wufa biyu a tsakiyar bango biyu masu fuskantar juna, ko huɗu a tsakiyar kowane bango ko a kusurwoyi, su suka fi rage bambanci tsakanin kujeru, kuma wuce huɗu ba ya ƙara wani abin kirki.

Sai batun ganyen kan bokiti, wato abin da zai shanye sautin. A nan ne ake yawan asarar kuɗi. Soso da kafet da labule suna aiki ne ta hanyar goga wa iska mai motsi har ƙarfinta ya koma ɗan zafi. Amma a jikin bango iskar ba ta motsi sosai, matsewa kawai take yi. Motsinta ya fi yawa a kashi ɗaya cikin huɗu na zango daga bangon. Soso mai kaurin santimita 5 yana cin sautin haz 1,700 zuwa sama yadda ya kamata, amma haz 50 nasa wurin yana mita 1.7 daga bango. Wanda ya lulluɓe ɗakinsa da siririn soso ya kashe siririn sauti ne ya bar kakkauran, sai gunjin ya ƙara fitowa fili. Kwalin ƙwai da ake mannawa a ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa ma bai san da zaman kakkauran sauti ba. Ban da haka akwai haɗarin gobara: a Fabrairun 2003 mutum 100 suka rasu a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, bayan wuta ta kama soson da aka manna a bango don rage ƙara. Abin da ke aiki shi ne kauri, kamar tubalan audugar gilashi ko audugar dutse masu kaurin santimita 15 zuwa 30, a naɗe da yadi, a gicciya su a kusurwoyi daga daɓe zuwa rufi a bar iska a bayansu. Manyan kujerun kushin ma suna taimakawa gwargwado.

Kafinta na iya ƙera wani tarkon da ya fi dacewa da jikin bango, tun da shi da matsi yake aiki. Akwati ne marar zurfi sosai, a rufe ruf, fuskarsa siririn filawud, a sa ɗan audugar gilashi a ciki ba tare da ta taɓa fuskar ba. Filawud ɗin kan yi rawa bisa iskar da ke kulle, ya sha ƙarfin sautin. Don sanin muryar da zai kama, a ninka nauyin filawud mai faɗin mita 1 a kan 1 da zurfin akwatin a mita, a nemi tushe, a raba 60 da shi. Filawud mai kaurin milimita 6 yana da nauyin kimanin kilo 3.6, da zurfin santimita 20 zai kama wajen haz 70, wato gunjin da ya rage wa abokina. Silin na allo marar nauyi mai sarari a samansa yana yin irin wannan aiki a kyauta, shi ya sa ɗaki mai rufin kankare ya fi gunji. Buɗe ƙofa da tagogi ma magani ne, kamar yadda Sabine ya nuna, sai dai abin da ya fita kunnen maƙwabci yake zuwa, shi kuwa yana da nasa haƙƙin.

Na'urar daidaita sauti, wato ikwalaiza, ita ya kamata ta zo ƙarshe. Manyan amfilifayoyin zamani da yawa suna zuwa da makirufo mai auna ɗaki ya yi gyara da kansa, akwai kuma manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Room EQ Wizard, ta John Mulcahy, da ke zana tudu da kwarin ɗaki a kan allo. Ikwalaiza ta iya aske tudu. Cike kwari da ita kuwa zuba ruwa ne a kwando, ƙarshensa a ƙona sifika. Wanda bai riga ya yi gini ba shi ya fi kowa sa'a: ya guji awon da ɗaya ke daidai da wani ko ninkinsa. Richard Bolt ya yi nazarin awon da ke rarraba muryoyi da kyau a 1946, M. M. Louden kuma a 1971 ya ba da shawarar 1 da 1.4 da 1.9. Ma'ana, in tsayi mita 3 ne, faɗi ya zama 4.2, tsawo 5.7.

Gwaji a cikin aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wannan duka cikin darasi guda. Ana bukatar tef na awo, da alli, da wufa ko babbar sifika, da waya mai manhajar fitar da sauti guda tsantsa. Sifikar jikin waya ba za ta yi ba, don ba ta iya fitar da kakkauran sauti. A rufe ƙofa da tagogi, a ajiye sifikar a ƙasa a tsakiyar bangon allo, kuma kada a cika ƙara, domin sauti tsantsa yana gajiyar da kunne yana kuma zafafa sifika.

A ce tsawon ajin mita 9 ne. Muryarsa ta farko haz 19 ce, ba ta jiyuwa, sai a nemi ta huɗu, wadda ke wajen haz 76. Ɗalibi ɗaya ya tsaya jikin bangon baya, malam ya riƙa gusa sautin haz ɗaya-ɗaya tsakanin 70 da 85, har ɗalibin ya nuna inda ya fi ƙarfi. A tsaya a nan. Sauran ɗalibai su toshe kunne ɗaya da yatsa, su bi layin tsakiyar aji a hankali ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ja alli a inda ya ji sautin ya nutse. Za a sami kwari huɗu, tsakanin kowanne da na gaba kimanin mita 2.25. A ninka wannan tazara sau 2 don a sami zango, a ninka da yawan haz ɗin da aka tsaya a kai: 4.5 sau 76 ya ba da 342, wato gudun sauti, an auno shi da alli kamar yadda Kundt ya auno shi da gari.

Ajin da ya adana sakamakonsa zai iya maimaita gwajin a wani zangon karatu. Gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a daƙiƙa ga kowane digiri na zafi. Da sanyin safiyar hunturu, in iskar aji tana digiri 15, gudun 340 ne. Da azahar ɗin bazara, in ta kai digiri 40, ya zama 355. Layukan allin ba za su gusa ba, tun da bango bai gusa ba, amma muryar da aka samu a haz 76 cikin Janairu, sai an hau zuwa wajen 79 kafin a same ta cikin Afrilu.